Injin Da Ya Cije A Siton Baba Harlan

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Twila ta jera soyayyiyar kaza da dankali a tebur, don yau ne Emmett zai yi wa babanta maganar aurensu. Ya kuwa yi, cikin ladabi, gumi na tsattsafo masa. Baba Harlan bai ko ɗago kai ba. Tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne a nan Indiana, irin mutanen da in sun ce a'a sai dai a tari wata shekarar. Sai da ya tsotse ƙashi tas, sannan ya shiga jero wa Emmett tarihinsa: ya fara jami'a ya bari, ya fara koyon jita ya bari, ya buɗe shagon kofi wata biyar ya rufe.

"Aure ba jita ba ne, yaro. Ranar da ka gaji da 'yata, a wane lungu za ka jingine ta?"

Da Emmett ya yi shiru da an wuce wurin, amma ina, baki shi ke yanka wuya. Ta taga ya hango sito, inda tsohuwar motar Baba, Chevelle ƙirar 1970, take kwance shekara ashirin da shida, kaji suna ƙwai a kujerar baya. A cikinta Baba ya ɗauko Mama Opal daga coci ranar aurensu. Sai gogan naka Emmett ya ce shi zai tayar da ita kafin watan Satumba, a cikinta zai ɗauki amaryarsa. Mutumin da ko taya bai taɓa canzawa ba!

"To madalla," in ji Baba. "Aure dai ku kuka sani, ba na ɗaure kowa. Amma in ba ta tashi ba, ba hannuna ne zai kai Twila gaban fasto ba."

Twila ta shige kicin ta fashe da kuka. Ita kaɗai suka haifa, kuma tun tana 'yar mitsitsiya take yafa labule a ka, ta riƙo hannun Baba suna gwada wannan tafiyar a falo.

Abin da Emmett ya fara saye kuwa, don takaici, tayoyi ne masu ƙyalli. Motar da ba ta motsi! Sannan ya sa sabon batir ya murɗa makulli, ya ji ƙas, shi ke nan. Injin ya cije, tsatsa ta haɗe fistin da jikinsa sun zama abu guda. Ya kalli bidiyo ya fi talatin a waya, kowa da tasa faɗar. Wata Asabar zuciya ta ɗebe shi, ya ɗora sifana a kan babban notin gaban injin, ya zura mata dogon bututun ƙarfe, ya hau da duk nauyinsa. Ƙarar da aka ji har cikin gida ta kai. Notin ya karye a ciki, shi kuma yana zaune daɓas a kashin kaji.

Baba ya zo ya leƙa, ya yi wani murmushi mai ciwo, ya ce ai dama ya faɗa. A nan ne haƙurin Twila ya ƙare.

"Baba, kai da ka bar ta shekara ashirin da shida kana cewa baɗi, baɗi, kai ne za ka goranta wa wani rashin gama abu?"

Tun kafin ta rufe baki ta yi da-na-sani. Fuskar tsohon ta canza, ya juya ya fita a hankali. Da yamma Mama ta zaunar da ita, ta gaya mata abin da ba ta taɓa ji ba: shekarar da aka haife ta bakwaini Baba ya ajiye motar, ya ƙara aikin Asabar da Lahadi a masana'anta, ko da ya samu sarari ƙarfinsa ya tafi. Twila ta je ta tsuguna gabansa tana hawaye tana neman gafara. Ya ce ba komai, amma fa daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Kwana huɗu Emmett ya yi yana haƙo guntun notin. Ranar da ya fito da shi, Baba ya shigo siton wai neman igiya, karensa Buster yana biye. Bai kalli Emmett ba, karen ya duba.

"Ka ji, Buster, da mutum yana da hankali, fulogi zai cire duka takwas, ya ɗiga man giyar mota a kowane rami, ya tafi gida. Gobe ya dawo ya taɓa kaɗan, ya ƙara mai. Tsatsa ba a kokawa da ita. Amma kai kare ne, ina ruwanka."

Emmett ya yi kamar bai ji ba, washegari ya zo da galan ɗin mai. Ya ja layin alli a faifan gaban injin, ya ja wani a jikin ƙarfen da ke kusa, don in ya motsa a gani. Kullum ƙarfe biyar, in ya taso daga shagon wayoyin da yake aiki, sai ya ɗiga mai, ya taɓa sifana a hankali, ya dubi alli, ya tafi. Mako uku, mako shida. Layukan nan biyu suna nan yadda aka ja su, ko gezau.

Twila kam ta gaji. Ɗinki ya iso, an raba kati, ga uba ba ya magana, ga saurayi yana warin man giya. Ta same shi a sito ta ce don Allah ya sayi sabon inji a kwali kamar yadda kowa ke yi, kwana biyu an ɗaura, mota ta tashi, magana ta ƙare. Ai Baba cewa ya yi ta tashi, bai ce da wane inji ba.

Emmett ya goge hannu a wando. "Twila, abin da babanki ya faɗa a kaina gaskiya ne. Duk abin da ya yi mini wuya sabo nake nema. Wannan karon ba zan yi ba, ko da ranar bikin za ta same ni a nan."

Ta yi tsaki ta fice, haushi kamar ta shaƙe shi. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Baba riƙe da bokitin abincin kaji, ya kawar da kai kamar bai ji komai ba.

Saura kwana tara biki, Baba ya sake sanar da Buster cewa masu hankali giya ta huɗu suke sawa, su riƙa jijjiga mota gaba da baya. Emmett ya gwada shi kaɗai, motar ta fi ƙarfinsa. Twila ta cire takalmi ta sa kafaɗa, duk da fushinta. Suna nishi, suna turawa, ba labari. Can sai ta ji wata kafaɗa kusa da tata, da ƙamshin sabulun da ta sani tun tana goye.

"A hankali," in ji Baba. "Gaba. Saki. Gaba."

A jijjiga ta goma sha wani abu aka ji wani ɗan ƙuuu daga ciki. Suka ruga gaban motar. Layin alli ya gusa, bai fi faɗin yatsa ba. Emmett ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da baƙaƙen hannuwansa, sannan ya ce ya san wannan ba tashi ba ne, kwana tara ba za su isa ba, ya faɗi.

Baba ya dubi allin, sannan ya juyo ga Emmett.

"Kwana saba'in da ɗaya kana zuwa wurin abin da bai taɓa ce maka sannu ba. Ina kallonka ta taga. Tashi, ɗana, ka je ka wanke hannu, da wannan ba zan damƙa maka 'yata ba."

Ranar biki Baba Harlan ne ya riƙo Twila har gaban fasto, hawaye na bin gemunsa. Da aka fito, ga Chevelle an wanke ta, an ɗaura mata gwangwanaye a baya kamar yadda ake yi wa motar amarya a nan, tayoyin nan masu ƙyalli sun samu ranarsu. Ango da amarya suka shiga, Baba ya ɗaura mata sarƙa a bayan a-kori-kurarsa, ya ja su cikin gari a hankali, Buster na leƙe ta taga, jama'a na ta dariya da tafi.

Gaggawa noti ta karya, haƙuri kuwa ya kwance tsatsar inji, ya kwance ta zuciyar uba. Motar sai da bazara ta zagayo ta tashi, kuma Baba ne ya murɗa makullin, Mama Opal tana zaune a gefensa.