Sunan da Aka Liƙa wa Darwis

Sau huɗu ana sauya wa jirgin ruwan shaƙatawan nan suna, Darwis na ciki yana raba shayi. Yau jirgin na ɗaure a tashar jiragen ruwa ta Batam, ana jiran masu yanka ƙarfe, shi kuma gadi yake, tsufa ya cinye masa gwiwa.

Da almuru ya tarar da wata tsohuwa zaune a ɗakin cin abinci, rigarta na ɗigar ruwa.

"Ibu, mun daina ɗaukar fasinja," ya ce a gajiye, yana kiranta uwa da harshen garin.

"Toni, ka daɗe. Kai nake jira mu sauka."

Toni shi ne sunan da masu jirgin na farko suka liƙa masa a ƙirji, shekara arba'in ke nan. Ya sunkuyar da kai, idonsa ya faɗa ƙarƙashinta, ya ga ba a kan komai take zaune ba. Ai tun watan jiya aka sayar da kujerun.