Kwanon da Aka Ware

Ranar da Abdulgafar ya fara ganin Basiratu, a kan sikeli yake tsaye, ba takalmi. Ciwon kai ne ya kai shi asibitin Filinge, inda take aikin jinya. Ta dubi sikelin, ta dube shi, ta rubuta kilo ɗari da huɗu.

"Sikelin ga naku ya lalace," in ji shi.

"Lahiyarshi lau. Jininka ma ya hau. Kai da kake auna ma mutane gero da tiya, ka taɓa auna abin da kake ci?"

Bai taɓa ba. Dillalin hatsi ne, kullum da rana shi da abokansa uku suke zagaye kwano guda a bakin rumfa, kuma kowa ya san hannun wa ya fi sauri. Ta lissafa masa: a awon ƙarfin abinci, ƙwayar sukari kalori ashirin, shi kuwa takwas yake jefawa a fura, babban cokalin mai, ɗari da ashirin. Ta ce ya tsaya wajen dubu biyu a yini, ya nemi ƙaramin kwano nasa shi kaɗai, tuwo kamar dunƙulen hannu, sauran wurin ganye. Rabin kilo a mako ya isa.

Ya karɓi lambar wayarta, wai don tambaya. Tambayar kuwa ba ta ƙare ba.

"Likitata, yau sukari biyu na sa. Hurar ba daɗi, amma da na tuna ki sai ta shiga."

"Sannu, Ɗan Tiya. Tunanina ba shi da kalori, ka ƙara."

Cikin wata biyar kilo goma suka sauka, ciwon kai ya tafi, so ya kama su sosai. Abdulgafar ya tura kawunsa wajen Malam Yakubu, mahaifinta. Kawu ya dawo da goronsa.

To, a ƙasar Kurfai, inda Filinge take, idan aka ga ƙato yana ramewa, kuma an ware masa kwano, ba a tambayar dalili. Mai tarin fuka ake yi wa haka. Nafi'u, ɗaya daga abokan cin tuwon, wanda shi ma ya daɗe yana kewaya gidan su Basiratu, bai taɓa cewa Abdulgafar na da ciwo ba. Shi dai idan an tambaye shi, sai ya girgiza kai ya ce, "Allah shi ba shi lahiya." Wannan ya wadatar. Daga Filinge har kasuwar Baleyara magana ta zagaya.

Abdulgafar ya yi gwaji, ya aika wa Malam takardar. Tsohon ya ce takardar da ta fito daga inda ɗiyarsa take aiki ba shaida ba ce.

Abin ya yi wa Abdulgafar ciwo ƙwarai. Ya kifa ƙaramin kwanon, ya koma cin da ya saba, har da ƙari, don mutane su ga kumatu. Mako uku bai neme ta ba. Da suka haɗu a hanyar kasuwa, kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Kilo nawa?"

"Ukku," ya ce, kansa a ƙasa. "In ƙiba Baba ka so, sai in ba shi."

"Ni kuma ka ba ni mi? Takaba?"

Ta wuce tana share ido. Da la'asar saƙonta ya shigo.

"Masoyina, laihina ne. Raba kwano a lakkwal, makarantarmu ta jinya a Yamai, na koyo shi, na mance abin da yake nuhi a garinmu. Ka koma cikin abokanka. Ka ce ma Dijatu ta riƙa yin malmala ƙanana, kamar dunƙulenka. Biyu naka, kada ka taɓa ta ukku."

Dijatu, ƙanwarsa, ita ke aiko masa abinci. Washegari kwano ya zo da malmala jere, da kwaɗon zogale a gefe. Sai dai abokai biyu sun sami uzuri, Nafi'u kuwa ya ce ya ƙoshi. Haka Abdulgafar ya riƙa zama gaban babban kwano shi kaɗai, yana cin biyunsa, yana mayar da saura. Kwana shida ana haka.

Malam Yakubu, ashe, ba ya zaune. Ya bi bayan maganar mutum bayan mutum, ya rasa wanda ya taɓa jin Abdulgafar ya yi tari. Ya kuma ga saurayin yana ɗaga buhun gero ba haki. Ranar kasuwa, da azahar, ya tsaya a bakin rumfar. Abdulgafar ya zabura zai durƙusa.

"Zamna," in ji tsohon. "Wannan awon na Basiratu ne?"

"Nata ne, Baba."

Suruki ba ya cin kwano guda da mai neman ɗiyarsa, wannan ko yaro ya sani. Malam Yakubu ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanki loma ya dangwali miya daidai inda Abdulgafar ya dangwala. Masu awo suka bar awo. Shi kuwa Abdulgafar kunya ta hana shi haɗiye abin da ke bakinsa.

"Ni na yarda da abin da ban gani ba, ni ya kamata in wanke ka," in ji Malam. "Ka turo kawunka Jumma'a."

Bayan kaka aka ɗaura aure, ango yana kilo tamanin da tara, sai da tela ya rage masa babbar riga. Da za a kai amarya, Malam Yakubu ya dafa kanta.

"Kin riƙe min shi da rai, ɗiyata. Allah shi ba ku tsawon kwana, ku tsuhwa tare."

Duk tsakar gidan aka amsa da amin.