Muryar Inna a Akwatin Alhaji Kyari

Faifan kwamfuta biyu suka ɓace daga akwatin ajiyar bayanai na gidan Alhaji Kyari a Fagge, kuma a cikinsu muryar mahaifiyarsa take.

Akwatin ɗan baƙi ne, bai fi girman burodi ba, haɗe da intanet ɗin gidan. Duk wayar da ke gidan can take zuba hotunanta. Kafin tsohuwar ta rasu, an ɗauki muryarta awa goma sha ɗaya tana lissafo dangi da Barbarci, tun daga Kukawa har zuwansu Kano. 'Yan'uwa suka juye nasu a ciki, suka goge na wayoyinsu, suka bar wa Alhaji amana don shi ne babban namiji.

Alhaji, mai sayar da yadi, da kansa ya kawo ƙara wurin Sufeto Obadiah.

"Wa kake zargi?"

"Wanda ya haɗa shi mana. Kenechukwu, na Sabon Gari. Ban da shi wa ya san cikinsa?"

Sufeto bai ƙara tambaya ba. Ya dubi babbar riga da furfura, ya yarda. Kafin azahar ya je shagon Kenechukwu, ya sa masa ankwa a gaban maƙwabtansa, ya kawo shi bayan kanta.

Kwana biyu bayan nan wata dattijuwa ta shigo ofis da jakar tafiya a hannu. Hajiya Yakaka ce, yayar Alhaji, daga Maiduguri ta sauka.

"Ɗana, ni ba ruwana da wanda za ku ɗaure," ta ce. "Muryar Inna nake so. Jikokina ba su taɓa jin ta ba."

Sai a lokacin Sufeto ya sa aka fito da Kenechukwu. Haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi ta Sufeton.

"Ina faifan?"

"Yallaɓai, kwana biyu ina jiran ka tambaye ni. Rabona da gidan Alhaji wata takwas."

"Me ya hana ka zuwa?"

"Alhaji. Ka ga, faifai biyu na sa, duk abin da ɗaya ya rubuta ɗayan ma ya rubuta. In ɗaya ya mutu, sai a canza shi kafin na biyun ya bi shi. Akwatin yana turo mini saƙo in da matsala. A kawo wayata."

Aka kawo. Saƙo na farko ya ce zafi ya yi yawa. Na biyu ya ce faifai ɗaya ya mutu. Tun watan Maris ke nan. A ƙasa ga kiran da ya yi wa Alhaji, har sau tara.

"Me yake ce maka?"

"Wai yana kasuwa. Wai gobe. Na ce, Alhaji, a ina ka ajiye shi yake wannan zafi? Ya ce a kan tebur, inda na bar shi. Ni dai na san tebur ba ya dafa faifai."

Sufeto ya kasa haɗa ido da shi. Duk kwanakin nan wayar tana cikin durowarsa, bai ko kunna ta ba.

Bai mayar da shi bayan kanta ba. Ya sa shi a mota suka nufi Fagge.

A falon Alhaji akwatin yana kan tebur, bakinsa biyu a buɗe, ba komai a ciki. Hajiya Yakaka tana zaune a kan darduma. Alhaji da ya ga Kenechukwu sai ya ɗaure fuska.

"Ɓarawon kuka kawo mini gida?"

"Zauna, Alhaji." Sufeto ya sunkuya. A gefen inda faifan ke shiga roba ta tsage, an ɓanɓare ta da ƙarfe. "Kenechukwu, yaya ake buɗe wannan?"

Kenechukwu ya mayar da murfi ɗaya, ya danna wani ɗan maɓalli da yatsa ɗaya, murfin ya fito.

"To mai yatsa me zai yi da ƙarfe?" Sufeto ya ce. Alhaji ya ce ai ɓarawo cikin sauri yake.

A gaban akwatin akwai guntun baƙin salatif. Sufeto ya ɓare shi, sai ga 'yar fitila a ƙasa.

"Ita ce take yin ja in faifai ya mutu," in ji Kenechukwu.

"Wa ya rufe ta?"

"Yara ne," Alhaji ya ce.

"Kyari," Hajiya ta ce, "autarka tana jami'a."

Sufeto ya bi wayar wuta da hannu. Tsawonta ya wuce tebur da nisa. A kusurwa akwai kabad na ƙarfe, irin wanda 'yan kasuwa ke kulle takardu. Ya ja shi daga bango. A bayansa an huda rami daidai wucewar waya.

"Buɗe."

"Takardu ne kawai."

"Buɗe, Alhaji."

Alhaji ya buɗe. A kan kantar tsakiya ga shatin akwatin, fenti har ya canza launi don zafi. Gefe kuma ga babban almakashin yadi, bakinsa ɗaya a lanƙwashe.

Alhaji ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa.

"Amana ce," ya ce. "Na ga abin a fili, kowa na shigowa. Yaron nan ya ce kada a rufe shi, iska yake so. Na ce shi wa? Na kulle. Da akwatin ya fara kuka, fitila ta yi ja, na san ni ne. In yaron ya zo zai gani, yarana su ji. Na liƙe fitilar don in daina ganinta. Ran Litinin faifai na biyun ya tsaya, ga Yaya ta ce tana hanya."

"Shi ne ka ce an sace," in ji Sufeto.

"Gara a ce an sace da a ce ni na kashe."

"Ka sa na rufe ɗan mutane kwana biyu," Sufeto ya ce, ya kuma san rabin maganar da kansa yake. Ya juya wurin Kenechukwu. "Ka yafe mini. Ban yi aikina ba."

Kenechukwu ya durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, bar wannan. Faifan da ya mutu ba duka ke tafiya ba. Akwai masu ciro abin ciki, na san wani a Legas. Ina ka ajiye su?"

Hajiya ta miƙe tsaye. "Kyari, ina suke?"

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Na farfasa su da guduma. Na zuba a motar shara."

Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta naɗe dardumarta, ta ɗauki jakar da ko buɗewa ba ta yi ba, ta ce a samo mata adaidaita zuwa tasha.

Sufeto ya kama hannun Alhaji ya fito da shi, kai ba hula, ta gaban dattawan layin da ke zaune a inuwa. Aka rubuta masa laifin ba da rahoton ƙarya, kafin magariba abokan kasuwa suka yi belinsa.

Har yau Alhaji yana kiran yayarsa kowace Juma'a. Wayar takan yi ta ƙara har ta katse.