Tayoyin Iya Tsuruoka

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Asabar, Sufeto Kuramochi ya kwance ƙunshin karin kumallonsa ke nan, dunƙulen shinkafa biyu da gasasshen kifi, wayar ofis ta yi ƙara. Saje Hirabayashi ce ta ɗauka. Ta ɗan saurara, sai ta miƙe tsaye zumbur.

"Yallaɓai, an yi sata a gidan Iya Tsuruoka. Taya huɗu."

"Taya? Shi ne kika zabura kamar an ce an sace magajin gari?"

"Har da wilinsu na ƙarfe, yallaɓai. Kuma gobe ne tseren."

Kuramochi bai taɓa mallakar mota ba, da keke yake zuwa aiki shekara ashirin da shida. Amma babu wanda bai san Iya Tsuruoka ba a garin Kamitsuji. Shekararta saba'in ba ɗaya, tana da jar motar tsere da mijinta ya mutu ya bar mata, kuma shekara tara a jere ita ke cinye tseren tsofaffi da ake yi bayan girbin shinkafa. Dokar ƙungiyarsu ta ce wanda ya cika saba'in ya ajiye hular kwano. Na gobe shi ne nata na ƙarshe.

Ya mayar da dunƙule ɗaya cikin ƙunshi, ya tura ɗayan a baki, suka fita.

Sun tarar da ita tsaye a bakin gareji, gajeriya, ta riƙe ƙugu.

"Sufeto, kun makara. Da ni ce ke tuƙi da tuni kun iso."

"A yi haƙuri, Iya. Yaushe kika gan su ƙarshe?"

"Ƙarfe bakwai da rabi. Suna nan a jere jikin bango, wili huɗu masu ruwan zinare, da sababbin tayoyi. Na tafi gidan wanka, na dawo ƙarfe tara, sai bango."

Kuramochi ya duba kwaɗon ƙofar. Babu ko ƙwarzane.

"Makullin fa?"

"Ƙarƙashin tukunyar fure. Nan mijina yake ajiye shi, nan nake ajiyewa."

"Wa ya san haka?"

"Mutum uku. Nabeshima mai shagon taya, da Malam Segawa tsohon hedimasta, da Likita Ushijima mai cire haƙori. Su ke zuwa aron kayan aiki. Amma kada ka zarge su, Sufeto, mun fi shekara talatin tare."

"Ba za a sayi wasu ba kafin gobe?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ko kifi ya iya iyo. "Sati biyu na jira waɗannan. Waɗanda ke jikin motar kuwa sun suɗe kamar tafin hannu."

Shagon Nabeshima yana bakin gada, kana shiga warin roba ya tare ka. Mai shagon, ƙato mai sanƙo, ya rusuna ya kawo musu koren shayi.

"Ni na ɗaura mata tayoyin kan wilinsu ranar Alhamis," in ji shi. "Na gaba ɗari biyu da ashirin da biyar, na baya ɗari biyu da arba'in da biyar."

"Kuɗinsu ke nan?"

Saje Hirabayashi ta rufe baki da hannu. Nabeshima ya jawo wata taya ya ɗora yatsa kan lambobin da ke gefenta.

"Ranka ya daɗe, duba nan. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsayin gefenta. Ta uku girman wilin da za ta hau, da inci. Taya kamar takalmi take. In ta yi wa wili kaɗan, ta miƙe kamar fatar ganga, rami ɗaya ya isa ya fasa ta. In ta yi masa yawa, ta yi tumbi, mota ta riƙa lilo a kwana. In kuma ta fi ƙarfin ramin da ke jikin bodi, duk sanda ka karya sitiyari sai ta goge shi."

"Me ya sa na baya suka fi faɗi?"

"Motarta da tayoyin baya take turawa. Na gaba kuwa dole su sami filin juyawa."

"Wani ya zo nan yau da safe?"

"Ko kare bai leƙo ba."

Saje tana tsaye gaban allon da aka rataye kayan aiki. An zana siffar kowane ƙarfe da farin fenti a inda yake zama, kuma siffa ɗaya babu kowa a kanta.

"Malam Nabeshima, ina ƙarfen lanƙwasa leɓen bodi?"

Sanƙon ya fara tsatsafo da gumi. "Ya lalace. Na aika a gyara."

Da suka koma mota Kuramochi ya ce, "Me ake yi da ƙarfen nan?"

"In taya ta yi wa mota girma, yallaɓai, da shi ake danne bakin bodin da ke samanta don ta sami wuri. Kuma ba ya lalacewa. Guntun ƙarfe ne da ƙaramar taya a baki."

"Wato yau akwai wanda takalminsa ya fi ƙafarsa."

Malam Segawa suka samu a bayan gida yana ba shuka ruwa, kumatunsa na hagu ya kumbura suntum.

"Sababbin tayoyi? Ni? Ina ni ina sababbin tayoyi da kuɗin fansho!"

"Mene ne a ƙarƙashin wancan tamfol ɗin?"

"Takin zamani."

Saje ta ɗaga gefen tamfol. Taya huɗu, sababbi fil, ko takardar jikinsu ba a ɓare ba. Kuramochi ya gyara tsayuwa, har ya fara jin daɗi, sai ya ga Saje ta girgiza kai.

"Inci goma sha huɗu ne, yallaɓai. Na Iya sha bakwai. Waɗannan ko da guduma ba za su hau wilinta ba."

"To me ya sa ka yi mana ƙarya, Malam?"

Tsohon hedimasta ya waiga wajen tagar kicin, ya rage murya. "Don girman iyayenku ku yi a hankali. Na ce wa uwargida kuɗin na gyaran rufi ne."

"Ina kake tsakanin bakwai da rabi da tara?"

"A ƙofar asibitin Ushijima, ina riƙe da kumatu kamar maraya. Shi ya ce in zo ƙarfe takwas. Na zo na tarar da takarda a ƙofa, wai sai sha ɗaya. Mutumin da a shekara talatin bai taɓa makara da minti ɗaya ba!"

Daga cikin gida wata murya ta ce, "Maigida, su wa ke nan?"

"Masu duba rufi ne!" in ji Segawa, yana roƙonsu da ido.

Asibitin Likita Ushijima yana ƙasa, gidansa a sama, garejinsa a baya. Ya fito cikin farar riga, dogo siriri, hannuwansa cikin safar roba.

"Na ji abin da ya faru, abin takaici," in ji shi. "Ni tun ƙarfe takwas ina kan aiki."

"Haƙorin wa ka fara dubawa?"

"Na... Malam Segawa."

"Lallai ka yi masa aiki mai kyau. Za mu iya ganin motarka?"

Wata 'yar shuɗiyar mota ce mai kujera biyu, tana zaune kan wili baƙaƙe wuluk masu ƙyalli. Kuramochi bai san mota ba, amma yana da hanci.

"Warin fenti nake ji."

"Shinge na shafa jiya."

"Da baƙi? Shingenka fari ne, Likita."

Saje ta tsuguna gaban tayar gaba, ta karanta lambar, ta ɗago tana danne dariya. A jikin bango kuma ga ƙarfen Nabeshima a jingine, an lulluɓa masa tsumma, rabinsa a waje.

"Tayoyina ne," in ji Ushijima. "Na saya a birni wancan watan."

"Madalla. To yi mini alfarma ɗaya. Ni ban san mota ba, amma ina son ganin tana tafiya. Fito da ita ka juya a tsakar gidan nan."

"Mutane na jirana."

"Minti ɗaya ne."

Likita ya shiga, ya tayar, ya fito a hankali. Tsakar gidan matsattse ne, babu yadda za a juya sai an karya sitiyari har ƙarshe. Yana karyawa, motar ta saki wani kuka, ƙiiiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya mayar ɗaya ɓangaren, ta sake. Wata mata ta leƙo daga tagar asibiti da auduga a baki.

Ya kashe motar.

Saje ta zura hannu ƙarƙashin leɓen bodi, ta fito da yatsu cike da baƙin garin roba. Sannan ta kai farce bayan wilin ta kankare kaɗan. Ruwan zinare ya leƙo.

"Yallaɓai, ɗari biyu da arba'in da biyar a gaba, ɗari biyu da ashirin da biyar a baya. Ya juya su. Motarsa kuma ɗari biyu da biyar take ɗauka, ga shi a rubuce a jikin ƙofa."

"Cire safar hannun, Likita," in ji Kuramochi.

Ya cire. Duk farcensa baƙin fenti.

Saje ta buga waya, kafin minti goma Iya Tsuruoka ta iso a motar Nabeshima, ita ke tuƙi, shi kuma yana riƙe da ƙofa da hannu biyu. Ta zagaya shuɗiyar motar sau ɗaya.

"Zinarena ka mayar gawayi, Ushijima?"

Likita ya fito, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ni ne," in ji shi. "Na san lokacin wankanta, na san tukunyar fure. Na loda su a motar asibiti, na feshe su, na ɗaura. Da na ga suna gogar bodi na ruga wajen Nabeshima na ari ƙarfe, na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Bai san komai ba."

"Na yi zargin haka da kuka zo," in ji Nabeshima, kansa a ƙasa. "Sau uku yana cewa in sa masa irin na Iya, sau uku ina ce masa motarsa ba za ta ɗauka ba. Kunya ce ta sa na yi muku ƙarya, ranka ya daɗe."

Kuramochi ya ce masa, "Za ka zo ofis ka ba da bayani a rubuce. Kai kuma Likita, me ya kai ka?"

"Shekara tara ina zuwa na biyu, Sufeto. Tara! Kofunan na biyu sun cika min kanta, jikokina suna shan ruwa da su. Gobe in ta ci ta ajiye, shi ke nan, har in mutu ban taɓa wuce ta ba. Na ce duk sirrin yana cikin faɗin tayar nan. Na sa manyan a gaba don in fi ta kama kwana."

"Da ka shiga fili a haka," in ji Nabeshima, "kafin zagaye uku bodi ya yanka tayar. Da ba maganar kofi za a yi ba."

Iya Tsuruoka ta juya ga Kuramochi. A karon farko ranar muryarta ta yi ƙasa. "Sufeto, za ku tafi da tayoyin ne a matsayin shaida?"

Kuramochi ya sosa ƙeya. Ka'ida ta ce a tafi da su. Amma ka'idar ta kuma yarda a mayar wa mai kaya kayansa ya riƙe, in an ɗauki hoto an sa hannu.

"Saje, ɗauki hoton kowace ta gaba da ta baya. Malam Nabeshima, duba min su, ka faɗi gaskiya wannan karon."

Mai shagon ya bi tayoyin gaba da tafin hannu, ya haska tocila, ya sake bi. "Kafaɗar kawai ya shafa, bai kai zare ba. Za su yi. Fentin ne dai ba zai fita kafin gobe ba."

"A bar shi," in ji Iya. "Ba da launi ake gudu ba."

Saje ta buɗe ƙofar baya ta motar 'yan sanda. Ba a sa ankwa ba, Likita da kansa ya cire farar rigarsa ya ninke ta, ya ba ma'aikaciyarsa, ya ce ta kira Malam Segawa ta tura shi wajen likitan garin gaba. Har ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya tsaya.

"Iya Tsuruoka, tambaya ɗaya. Da sun hau daidai, da na wuce ki?"

"Ko tayar jirgin sama ka ɗaura ba za ka wuce ni ba. Tayarka ba ta da laifi, daidai take da motarka. Birki kake takawa da wuri a kwana ta uku. Shekara tara ina kallonka a madubi kana yi."

Likita ya buɗe baki. "Kuma ba ki taɓa gaya min ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ushijima ya shiga ya zauna. Saje ta rufe ƙofar, ta tayar da mota. Har suka kai caji ofis Kuramochi yana jin sa a baya yana magana shi kaɗai, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi, yana cewa, "Kwana ta uku. Kwana ta uku."