Wa Ta Taɓa Mini Littafi?

A cikin motar haya da ta taso daga Tasawa za ta Mayahi suka fara haɗuwa, an cusa mutane kamar buhunan gero. Fatiha tana gefen taga, ƙullin zaren da ta saro a kan cinyarta, littafi a hannunta. Ita dai in ta buɗe littafi, ko mota ta faɗa rami ba ta sanin an yi. Ta kai ƙarshen shafi, ta lashi yatsa za ta juya, sai ta ji murya daga kujerar baya.

"Fardon, ɗan dakata. Ban ida ba."

Ta waiwaya. Wani siririn saurayi ne mai tabarau, ya miƙo wuya har haɓarsa tana neman taɓa kujerarta. Da suka haɗa ido kunya ta rufe shi.

"Tun ina kake karanta mini littahi?"

"Tun da munka baro tasha. Ki yi haƙuri, Hausar boko ba ta yi mini sauri, a lakwal faransanci anka koya muna. Amma don Allah, wanga ƙanen mijin nata, mugu ne ko?"

"Ba a tambayar ƙarshen labari," ta ce, tana danne dariya. Ta ɗan karkata littafin yadda zai gani sosai.

Kafin su isa Mayahi ta san sunansa Lamine, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Kona, zai je gaida gwaggonsa. Shi ma ya san ita tela ce, tana da keken ɗinki a shagon da ke jikin zauren gidansu. Da za a sauka ya ce ta taimaka masa da lambarta don ya ji yadda aka ƙare da mugun nan. Ta san ba mugun ne ya dame shi ba, amma ta ba shi.

Ba ta ko ajiye gyale ba saƙo ya shigo.

"Salama alaikum mai littahi. Na iso lahiya, amma hankalina yana shafin da kika rufe."

Ta amsa: "Malam mai leƙe, in kana son labari ka nemi naka."

"Na nema duk Mayahi, an ce naki ya hi daɗi."

Haka abin ya fara. Duk sanda ya zo garin sai ya biyo ta ƙofar gidansu bayan la'asar, a shimfiɗa masa tabarma, su yi ta musu a kan mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba. Ta ba shi littafin wata amarya mai rowa, ya dawo yana cewa marubuciyar ta zalunce ta. Shi kuma ya kawo mata wani na faransanci mai kauri, ya ce labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne, in ta fara ba za ta iya ajiyewa ba. Fatiha tun a koleji ta bar lakwal, faransancinta bai yi nisa ba. Ta yi ta fama da shi, kalma ɗaya ta gane biyu su wuce ta, har ta tura shi ƙarƙashin filo. Da ya tambaya sai ta ce ɗinki ya yi mata yawa.

"Ba komai," ya ce. "Rashida ma sai da ta kai tsakiya ya kama ta."

"Wace ce Rashida?"

"Kamarad ɗina ce, tare muke koyarwa. Ita hwa faransancinta ruwa ne."

Fatiha ta ce "Allah sarki," ta gyara zama. Sunan kuwa ya shiga ya samu wuri ya zauna.

Akwai littafi ɗaya da ba ta taɓa ba kowa aro ba, ko ƙawayenta sun san da haka. Gonar Inna Delu sunansa, kashi uku ne, labarin wata mata da dangin mijinta suka so ƙwace mata gona. Ta lulluɓe bangonsa da ƙyallen atamfa, ta ɗinke gefen da hannunta. Ranar da ta tabbatar a ranta cewa Lamine take so, ba ta iya faɗa da baki ba. Ciki ta shiga ta ɗauko duka ukun ta ɗora masa a hannu.

"Wanga shi na hi so a duniya," ta ce, idonta a ƙasa. "Ka riƙe mini shi da kyau."

Ita a wurinta ta gama magana. Shi kuwa bawan Allah abin da ya ji kawai shi ne an ba shi littafi mai daɗi. Lamine irin mutanen nan ne da in abu ya yi musu daɗi sai duk gari ya ɗanɗana.

Saƙonninsa suka yi ta zuwa.

"Hasken idona, Delu ta sa ni kuka gaban 'yan lakwal."

"Tauraruwata, na yanke shawara. Kawuna zai aiko wurin Baba in an shiga hutu."

Fatiha ta karanta wannan na biyun har ta haddace shi.

Da ya dawo Mayahi ya miƙo mata na ɗaya da na biyu, ya ce na ukun yana tafe. Tun kafin ta buɗe, hancinta ya gaya mata. Humra ce, mai nauyi, ba irin tata ba. Ta buɗe na biyu, daidai wurin da Delu ta tsaya gaban alƙali, sai ga shatin yatsa na jan lalle ya kwanta ɗaram a kan rubutun.

"Yaushe ka hwara ƙunshi, Lamine?"

Ya leƙa, ya yi dariya. "Kai, Rashida ba ta da kula! Na hwaɗa mata daɗinshi ne, ta ce in ara mata. Na ukun ma yana wurinta."

Da ya yi ƙarya ma da ya fi mata sauƙi. Yadda ya faɗa hankali kwance, kamar gishiri ya ara wa maƙwabciya, shi ya fi ƙona mata rai.

"Littahin da ko ƙanwata ba ta taɓa ba? Shi ka ɗauka ka ba wata ta kwanta da shi?"

"Haba Fatiha, littahi ne hwa. Ai don a karanta anka yi shi."

"To ku je ku yi ta karatu, kai da mai faransanci ruwa."

Ta naɗe tabarmar tun bai gama sa takalmi ba.

Kishi kumallon mata ne, in ya motsa sai an haras. Fatiha a ɗakin Inna mahaifiyarta ta harar da nata. Ta yi kuka, ta nuna lallen, ta ƙara da abin da ta gani da abin da ba ta gani ba. Inna kuwa ba ta iya riƙe magana, kafin a kwashe tuwo Malam Hashimu ya ji komai. Dama mahaifin nata, wanda hatsi yake saye da sayarwa a kasuwa, bai taɓa gane namijin da zai zauna yana karanta littattafan mata ba. Yanzu ya samu dalili.

Lamine ya yi ta kira ba ta ɗauka. Ya rubuto: "Na yi kuskure, amma ban san girmanshi ba sai da na ga idonki. Ki ba ni dama in yi magana." Ta karanta, ta kife wayar a kan keke. So take ya ɗan wahala, ya san ta ji ciwo, daga nan ta sauko.

Ba ta san aikin gama ya gama ba. Da hutu ya zo, kawun Lamine ya aiko yana neman ranar da za su zo gaisuwa. Malam Hashimu ya ce a gaya musu kada su wahalar da kansu.

"Mutumin da ka rabon littattahan soyayya ga ɗiyan mutane, yau wagga gobe waccan? Ba ni ba shi ɗiyata."

Fatiha tana bayan labule ta ji. Fushi ta yi niyya, ba rabuwa ba, ga shi da bakinta ta rushe abin da ta fi so. Kwanakin da suka biyo baya ɗinki take tana warwarewa, ko littafi ba ta iya buɗewa.

Ranar kasuwa da hantsi wata mata ta yi sallama a shagon. Doguwa ce, da jaka a kafaɗa, ta sha ado. Ƙamshin humrar ya riga ta shigowa, Fatiha ba ta buƙaci a gaya mata suna ba.

"Ni ce Rashida. Na zo hutu wurin yayata, na ce bari in kawo miki kayanki." Ta ajiye na ukun a kan keke. "Kuma in ga wadda ta hana ni jin daɗin littahi."

"Ni na hana ki?"

"Ke hwa. Ba ni ɓoye miki, ina son Lamine. Na amshi littahin ne don in samu abin da za mu yi hira a kai. To ko wane shafi na kawo mishi, sai ya ce Fatiha ta ce kaza. Na ce Delu wauta ta yi da ta ƙi tahiya gidansu, ya ce a'a, Fatiha ta ce in ta tahi gonar ta tahi. Na ce labarin ya cika tsawo, ya ce Fatiha ta ce wanda bai taɓa jira ba shi ka ganin tsawo. Wallahi har na tsani Delu. Na ukun ga ko buɗe shi ban yi ba."

Fatiha ta jawo littafin gabanta.

"Lallen kuwa da gangan na danna," Rashida ta ci gaba. "Na so ki gani, kin kuma gani. Amma bai amfane ni da komi ba. Tun da kika bar ɗaukar wayarshi, na kai mishi littattahai ya ce idonshi ka ciwo. Na gaji da zama kusa da mutumin da hankalinshi ke Mayahi."

Fatiha ta so ta ji tausayinta, amma gaskiya daɗi ne ya fi yawa. Ashe duk lokacin da take ƙonewa a kan Rashida, Rashida ma ƙonewa take a kanta. Ta dai daure ta kawo mata ruwa, suka yi sallama ba yabo ba fallasa.

Saura babban aiki. Da yamma Malam Hashimu yana zaune a tsakar gida, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, Inna tana gefe tana tsince wake.

"Baba, maganar da na hwaɗa wa Inna, na ƙara mata gishiri. Mutum guda ya ara wa, kuma da bakinshi ya gaya mini. Kishi ne ya ɗebe ni."

"Ke kika kawo kuka, yanzu ke ka janye shi?"

"Ni ce, Baba." Hawaye suka zubo mata. "Shi nike so."

Ba ta taɓa faɗin irin wannan a gabansa ba, har Inna sai da ta saki wake. Malam Hashimu ya kalli 'yarsa, sannan ya ce a kira masa yaron.

Lamine ya zo ya zauna a ƙasa cikin zaure, ya rame har tabarau yana zamo masa.

"Kai, mi kake samu cikin littattahan mata?"

"Baba, ina jin abin da ba su hwaɗa muna da baki. Sai dai na karanta ban gane ba, tun da anka ba ni amana na ba da aron abin da ba nawa ba. Laihina ne, ba na kowa ba."

Dattijon ya gyaɗa kai. Littafi bai dame shi ba, amma amana ya san ta, da ita yake cin abinci a kasuwa.

"To ka ji da kyau. Abin da zan ba ka yanzu ba a ba da aronshi. Ka ce wa kawunka su zo."

Fatiha tana shago saƙo ya shigo: "Baba ya yarda! Rabin raina, kin yahe mini?"

Ta rubuta: "Na yahe. Amma akwai sharaɗi, sai mun haɗu."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Hashimu. Da aka buɗe akwatunan lefe, ƙarƙashin atamfofi sai ga sababbin littattafan Hausa da ya sa aka sayo daga Maraɗi, mata suka yi ta guɗa suna cewa ba su taɓa ganin irin wannan ba. Aka kai amarya Kona, ta jera littattafanta a kanta ɗaya da kwanukanta.

Sharaɗin kuwa kowa a Kona ya san shi yanzu. Lamine yana nan da halinsa, in littafi ya yi masa daɗi sai ya tsayar da mutum a hanya ya ba shi labari. Amma in mace ta ce ya ara mata, sai ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Ku shiga wurin Madam." Fatiha ce ke zaɓa, ita ke miƙawa, ita ke karɓa. Da rana yana koya mata faransanci kaɗan kaɗan, har ta gano matuƙin jirgin nan nasa surutu ne ya yi masa yawa.

Wata rana bayan wasu 'yan mata sun fita da littattafai, ya kalle ta yana murmushi.

"Amaryata, kishin nan dai ya warke ko?"

"Bai warke ba," ta ce, tana gyara masa wuyan riga. "Kuma ba ni neman magani. Randa ka ga na bar kishinka, ranar za ka yi kuka."

"To Allah Ya sa kar in ga ranar."

Amin. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya bar su tare har tsufa.