Maɓallin Ƙofar Motar Auta

Da la'asar sakaliya Auta mai hoto ya buɗe motarsa ya tarar kyamararsa ta yi ƙafa. Jakarta na nan a kujerar baya, baki a wangale. Gilashi bai fashe ba, ƙofa ba ta da ko ƙwarzane. Ya duba ƙarƙashin kujeru, ya duba but, ya laluba aljihun wandonsa inda ko murfin kyamarar ba zai shiga ba. Da ya ga abin ba na wasa ba ne, sai ya kira yayarsa.

Yayar tasa 'yar sanda ce, kuma kowa a dangi Sajan yake ce mata, har mahaifinsu. Ranar hutunta ce, ta tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi ke nan wayar ta shigo. Ta iso gidan da silifas, fuska a murtuke.

"Yaya, na shiga uku," in ji Auta, hannu biyu a ka. "Hotunan bikin raba kyaututtuka na makaranta duk suna ciki, ban kwashe ba. Gobe da safe suke so. In na ce musu babu, sun sallame ni ke nan, kuma aikinsu ne ke riƙe da gidan nan."

"Sauke hannunka, ba a yi mutuwa ba. Yaushe ka ajiye motar?"

"Da azahar, muna dawowa da Baba. Shi ne babban baƙo, ai kin san makarantarsa ce ta da. Na kulle da hannuna, na ji ta yi ƙara."

"Mukulli fa?"

"Inda nake rataye shi kullum. Yaya, ba sai kin wahala ba, na san ɓarawon. Fiyus ne."

Fiyus mai wayarin mota ne, garejinsa na bayan layi. Motar Auta irin ta zamani ce: ba a zura mukulli, ɗan baƙin maɓalli ne a jikin mariƙin ƙofa, ka danna ta buɗe, ka sake dannawa ta kulle. Watanni ke nan Auta na kuka da maɓallin. Zai kulle mota da rana, ya dawo da yamma ya same ta a buɗe. Ya yi ta kai wa Fiyus gyara har sun gaji da ganin juna.

Sajan ta zagaya motar a hankali. Motar tana fake a tsakar gida a gefen bango, da ɗan lungu tsakaninsu, daidai ƙarƙashin tagar baranda. A kan barandar mahaifinsu na zaune a kujerar roba, ya buɗe jarida ta rufe masa fuska. Daga ɗakinsa kuwa ihun jikoki da ƙarar talabijin ke tashi, don tun da Auta ya mai da falo wurin ɗaukar hoto aka kai talabijin ɗin can.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya," in ji jaridar.

Sajan ta leƙa jakar. Babban gilashin ɗaukar nesa, wanda Auta ke cewa ya fi kyamarar kanta tsada, yana kwance a wurinsa. Ta riƙe wannan a ranta, ta aika a kira Fiyus.

Ya zo da sukundireba a bayan kunne, ransa a ɓace tun daga bakin get.

"Ranki ya daɗe, ni aka ce ɓarawo?"

"Ba a ce ba tukuna. Me ka yi wa maɓallin nan?"

"Me ban yi masa ba? Na canja batirin mukulli. Na kwance murfin ƙofa na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na wanke maɓallin, na sa masa sabuwar roba. A garejina lafiyarsa lau, ya fi ni lafiya. Sai an dawo da shi gidan nan yake haukacewa. Har cewa na yi a nemi mai addu'a."

"Za ka iya buɗe ta ba mukulli?"

"Ko wanda ya ƙera ta sai ya yi gumi. Maɓallin ba ya jin kowa sai mukullin na kusa da shi. In ya yi nisa, danna har yatsarki ta kumbura."

"Ina kake tun azahar?"

"A ƙarƙashin wata motar ɗaukar marasa lafiya. Direban na tsaye a kaina yana zagina. Ki tambaye shi, zai so ya maimaita."

Ta buga wa direban waya, ya kuwa maimaita. Fiyus ya fita daga zargi, amma ya ƙi tafiya, ya ce sai ya ga ƙarshen wannan wulaƙanci.

Na biyu da aka kira mai wankin mota ne, wani dogon mutum da ke zagaya layin da bokiti. Ya ce yau ko get ɗin bai taɓa ba, ya nuna jikin motar da kashin tsuntsu ya bushe a kai a matsayin shaidarsa. Sajan ta yarda da tsuntsun.

"Amma tunda an tambaye ni," in ji shi, "kullum na zo share ciki sai na ɗaga kujerar mai zaman gaba. A kwance nake samunta, shame-shame. Ga ledojin alawar tari cike da aljihun ƙofa."

Auta ya ɗaga kafaɗa. "Madam ce. In ta taso daga asibiti a gajiye take."

Matar Auta, wadda ma'aikaciyar jinya ce, shigowarta ke nan daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ajiye jaka a hankali, irin ajiyewar da ke sa miji ya nemi hanyar gudu.

"Ni? Ni da nake hawa bas? Yaya, gara da aka zo wurin. Na daɗe ina ganin kujerar nan a kwance ina haɗiye maganata. Ya faɗa mana wace ce mai tarin."

"Wallahi ba ni da mai tari!"

"To kujerar ce ke kwantar da kanta?"

Sajan ta ɗaga hannu, kamar yadda take tsai da motoci a mararraba. Satar kyamara aka kira ta, ga aure na neman faɗo mata a ka. Ta tabbatar matar tana bakin aiki tun safe, ta sallame ta daga zargi, duk da ita matar ba ta sallami kowa ba.

"Nuna min inda mukullin yake."

Auta ya nuna. Ƙusa ce a jikin bangon baranda ta ciki, dab da taga. Sajan ta dubi ƙusar, ta dubi ƙofar mai zaman gaba da ke ƙarƙashin tagar. Ta sa Auta ya kulle motar ya mai da mukullin kan ƙusa. Ta shiga lungun hannu rabbana, ta danna maɓallin. Motar ta yi ƙyat, ta buɗe.

"Kin gani ko!" in ji Auta. "Lalatacce ne!"

"Kulle. Kai mukullin kicin."

Ya kai. Ta danna, ta sake dannawa, motar ta yi kunnen ƙashi.

Fiyus ya cire sukundireba daga bayan kunne ya nuna Auta da ita. "Wato duk wahalar da na sha, ƙusa ce? A ƙusa ciwon yake?"

"Maɓalli lafiyarsa ƙalau," in ji Sajan. "Mukullin na rataye kusa da shi, don haka duk wanda ke cikin gidan nan zai iya buɗewa. Get a kulle yake ta ciki tun azahar. Ɓarawon waje ba zai bar gilashi mai tsada ya ɗauki kyamara kaɗai ba. Wanda ya ɗauka ba sayarwa zai yi ba, abin da ke cikinta ne ya dame shi. Kuma ya saba shiga motar, ya san buɗewa, bai san ana sake dannawa a kulle ba. Yara kuwa ba sa shan alawar tari, ta yi musu yaji."

A kan baranda wani ya yi gyaran murya, ya yi ƙoƙarin danne tari, tarin ya ƙi dannuwa.

Sajan ta kori kowa zuwa bakin get. Ta hau barandar ta durƙusa a gefen kujerar roba. Ta yi wa 'yan fashi tambayoyi ba ta ji ɗar ba, amma yau sai da ta sassauta murya.

"Baba, tun da na shigo ba ka juya shafi ba."

Jaridar ta sauka a hankali. Tsohon hedimasta, mutumin da gyaran muryarsa kaɗai ke sa aji ya yi tsit, ya ɗaga gefen rigarsa. Kyamarar na kan cinyarsa.

"Ba sata ba ce," ya ce. "Kamawa na yi. Abin da ɗalibi ya yi ɓarna da shi ana karɓewa."

"Wace ɓarna?"

"Ana cikin jawabi na ɗan runtse ido ina nazari. Sai na ji ƙyas. Wannan yaron ya ɗauke ni. Gobe a liƙa a allon makarantar da na riƙe, ɗalibaina da suka zama iyaye su zo su gani."

Sajan ta kunna kyamarar ta bi hotunan. Duk suna nan, yara da kyaututtukansu. Ta iso kan nazarin. Baki a buɗe, hula ta zamo kan hanci, shugabar makaranta na miƙo masa kofin da zai ba wa ɗaliba. Bayan wannan kuma sai jerin sababbin hotuna: hancin Baba, haɓar Baba, idon Baba ɗaya ya cika fuskar kyamara yana neman wurin gogewa. Ta cije leɓe har ya yi zafi, don kada dariya ta kuɓuce mata.

"Kujerar motar fa, Baba?"

Baba ya naɗe jaridar. Daga ɗakinsa wani jika ya kurma ihu, talabijin ta taya shi.

"A ina kike so in kwanta da rana? Falo ya zama shago, ɗakina ya zama silima. Ba na so in ce su fita, jikokina ne. Can ne kaɗai in na rufe ƙofa nake jin shiru."

Dariyar ta ɗauke mata. Kunya ta kama ta, don kullum tana zuwa gidan nan tana gaishe shi, ba ta taɓa tambayar inda yake hutawa ba.

Ta nuna masa hoton nazarin, ta kama yatsarsa ta ɗora a kan wurin gogewa, ya danna da kansa. A duk shekarun aikinta ba ta taɓa ɓatar da shaida ba sai ranar. Hotunan hancin kuwa ta bar su, ta ce na dangi ne.

Ta miƙa wa Auta kyamararsa a bakin get. Ya rungume ta kamar jaririya.

"Wa ya ɗauka, Yaya?"

"An gano kaya, an rufe magana. Ka ba Fiyus haƙuri a gaban mutane, yadda ka zarge shi a gaban mutane. Ke kuma ƙanwata, mai tarin ta girme ki, kuma gemu gare ta."

Matar Auta ta dubi baranda, ta rufe baki da tafin hannu.

"Bari in cire ƙusar nan yanzu," in ji Auta.

"Ka taɓa ta ka gani. Mukulli nan zai zauna, mota nan za ta faka. Talabijin ce za ta tashi, ka nema mata wuri kafin in dawo."

Kafin ta tafi ta ja mahaifinta cikin lungun, ta nuna masa yadda ake yi in an fito: a sake dannawa sau ɗaya har a ji ƙara. Ya gwada, ya gyaɗa kai, ya ce da ma ya sani.

Tun daga ranar maɓallin bai sake lalacewa ba, kuma Fiyus na gaya wa duk wanda ya shigo garejinsa cewa shi ya gyara.