Duwatsun da Onofre Ya Kwashe

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo, muna saurare.

A bakin tsohuwar Hanya ta 66, a New Mexico, akwai gidan shan kofi da Onofre ya gada daga kakarsa. Gefensa akwai gicciyen katako da tulin duwatsu, shaidar wani direba da ya rasu a wurin tun zamanin da. Duk matafiyin da ya tsaya sai ya ƙara dutse ɗaya.

Da masu yawon buɗe ido suka yawaita, Onofre ya so faɗaɗa wurin ajiye motoci. Ya tuge gicciyen, ya sa 'yarsa Nieves ta kwashe duwatsun. Ta roƙe shi kada a taɓa su, ya ce ta daina shirme.

Wata yamma, rana ta yi ja, ana goge tebura, dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani dutsen ya biyo baya. Babu kowa a waje. Nieves ta ajiye butar kofi, ta zauna a ƙasa, ta daina amsa sunanta.

Kwanaki tana haka, ba ci ba sha. Onofre ya kasa kallon hannayenta.

Aka ɗauko Doña Eufemia, tsohuwa mai magani. Ta turara ganye, ta yi addu'a, ta tambayi wane ne a jikin Nieves. Muryar wani aljani, mai kauri, ta fito daga bakin yarinyar.

"Gidana aka rushe. Hannun da ya rushe shi na kama, kuma a nan zan zauna."

Tsohuwa ta ce hannu ɗan aike ne, a nemi wanda ya aike shi. Ta waiwayo ta dubi Onofre.

"Kai mai taurin kai, bakinka ya mutu ne?"

"Ni na sa ta," in ji Onofre. "Ta ce kada a taɓa. Ni za ka kama."

Aljanin ya yi dariya, ya ce ba ya son tsohon gida mai yoyo irin jikin Onofre. Aka daɗe ana ja. Daga bisani ya yarda zai fita in Onofre ya mayar da kowane dutse shi kaɗai, da hannu, babu baro.

Ya mayar. Nieves ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Ta warke sarai. Ba ta taɓa yi wa mahaifinta maganar ba, ko sau ɗaya. Shi kuwa har ya tsufa yana jiran ta yi.

Ƙurunƙus kan ɓera, ta tafi da ƙurar hanya.